Ibn al-Haisam: Malamin da ya auna Kogin Nilu ya janye hannu

A 'yan shekarun nan ba wuya ka ji abokin aiki ya tafi Alƙahira an yi masa aikin ido da hasken leza, ya dawo ya ajiye tabaran da ya shekara ashirin yana sanyawa. Da yawa daga cikin masu wannan tafiya ba su san cewa a birnin ne, shekaru dubu da suka wuce, aka aza harsashin ilimin da ake yi musu aiki da shi ba. Wanda ya aza shi nake so mu waiwaya a yau.

Sunansa Abu Ali Alhasan ibn al-Haisam, an kuma haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Turawa sun lanƙwasa sunan ya koma Alhazen, kamar dai yadda bakin Bahaushe ya mai da shi Alasan. Masanin tarihin nan Ibn al-Ƙifɗi ya ruwaito cewa labari ya kai kunnen halifan Masar, al-Hakim, cewa akwai wani malami da ke iƙirarin zai iya shawo kan ambaliyar Kogin Nilu. Aka aika masa, aka haɗa shi da magina, ya nausa kudu har kusa da Aswan. Da ya ga faɗin ruwan da yanayin ƙasar, ya kuma dubi gine-ginen mutanen da, sai ya gane cewa da abin mai yiwuwa ne da kayan aikin zamanin, da waɗancan gwanaye sun riga shi. Ya komo ya faɗa wa sarkin da ke fille kai a kan abin da bai kai wannan ba cewa aikin ya fi ƙarfinsa. Don ya tsira da ransa ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har zuwa 1021, shekarar da al-Hakim ya ɓace. Sai a 1902 aka iya datse Nilu a Aswan.

Ni da na tashi a Dosara, wannan ruwaya tana taɓa ni ta wata fuska. Mu 'yan yankin Talata Mafara da Bakura da Maradun mun taso muna jin labarin dam ɗin Bakolori da aka kammala a 1978, da gonakin da ruwa ya ci, da manoman da aka harbe a 1980 saboda sun tashi neman diyya. Shi ya sa masanin da zai je ya duba ƙasa da idonsa, ya komo ya faɗa wa mai mulki abin da ba ya son ji, yake da girma a wurina.

A shekarun nan na tsaro da bayansu ya rubuta Kitab al-Manazir mai juzu'i bakwai. Kafin shi, manya irin su Iƙlidis da Baɗlimus sun tafi a kan cewa ido ne ke fitar da haske ya taɓa abin da ake kallo. Shi kuwa ya kafa hujja cewa hasken ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, yana tafiya a miƙe, yana kuma karyewa idan ya ratsa ruwa ko gilashi. Bai tsaya ga hujjar baki ba: ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, ya huda ƙaramar kafa, yana rufe fitila ɗaya yana ganin haskenta ya ɗauke a bango. A nan bari in yi wa 'yan uwana gyara a matsayina na ɗalibin harshe: zancen da ake yaɗawa cewa kalmar kyamara daga Larabcinsa ta fito ba shi da tushe, daga Latin take. Malamin ba ya bukatar mu ƙara masa gishiri.

Bai kuma dace a komai ba. Ya bi likitocin da a kan cewa ƙanƙarar cikin ido, wadda yana ke rufewa idan tsufa ya zo, ita ce mai karɓar gani. Sai a 1604 Bajamushe Kepler, wanda ya gaji iliminsa ta fassarar Latin, ya nuna cewa a tantanin bayan ido hoto ke sauka. Mai rashin ganin nesa, hasken yakan haɗu ne kafin ya isa wannan tantani, galibi don idon ya cika tsawo. Abin da leza ke yi shi ne kankare ɓawon nan garai-garai na gaban ido, wanda ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na karya haske, a rage masa tudu. Stephen Trokel ya gwada wannan a idon dabba a 1983, kuma wajen 1990 Ioannis Pallikaris na Girka ya fito da LASIK, inda ake ɗaga siririn marfi a kankare ƙarƙashinsa a mayar. To, kaurin ɓawon duka bai wuce kusan rabin milimita ba, abin da aka kankare kuwa ba ya tsirowa. Don haka likitan kirki yakan fara da awo, ya kuma sallami wanda nasa ya yi siriri ko wanda lambar tabaransa ba ta daina canjawa ba, komai kuɗin da ya zo da su. Mai shirin tafiya ya yi hattara da asibitin da bai taɓa ce wa kowa a'a ba.

Bayan ya sami sakewa, Ibn al-Haisam ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana ci da guminsa ta hanyar kwafar littattafan lissafi da na taurari yana sayarwa, ciki har da na Baɗlimus ɗin da ya rubuta littafi guda kan kurakuransa. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Littafinsa na gani bai sami mai yi masa cikakken sharhi a ƙasashen Musulmi ba sai Kamaluddin al-Farisi, kusan shekaru 260 bayan rasuwarsa, an kuma buga fassararsa ta Latin a birnin Basel a 1572. Allah Ya jiƙansa da rahama.