Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Degel a shekarar 1793. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi hijira zuwa Gudu tare da jama'ar mahaifinta a 1804, daga baya ta auri Giɗaɗo, wanda ya zama Wazirin Sakkwato. Ɗansu Abdulƙadir ne ya gaji wazircin.

Abin da ya fi damunta shi ne halin matan karkara, waɗanda nisa da hidimar gida suka hana su zama gaban malamai. Sai ta tsara tauhidi da fiƙihu da tarihin Manzon Allah (SAW) cikin waƙoƙi, da Larabci da Fulatanci da Hausa, domin haddarsu ta yi sauƙi. Ta zaɓi dattijan mata amintattu, ta naɗa su jajoji, ta ɗora musu malfa, suna ɗaukar karatu a wurinta suna kai wa ƙauyuka. Su da ɗalibansu ake kira 'Yan Taru.

Ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Magidancin da ya bar iyalinsa cikin jahilci a yau, wane uzuri zai kawo? Allah Ya jiƙanta da rahama.