Flora Shaw, 'Yar Jaridar Da Ta Raɗa Wa Ƙasarmu Suna

Kullum da safe a filin taro muna rera taken ƙasa muna ambaton Najeriya, amma da yawa daga cikinmu ba su san wanda ya fara kawo wannan suna ba. Wata 'yar jarida ce Baturiyar Ingila mai suna Flora Shaw. Shi ya sa a wannan mako muka kawo muku tarihinta.

An haife ta a shekarar 1852 a Woolwich, wata unguwa a Landan. Mahaifinta babban soja ne, kuma su goma sha huɗu ne a gidansu. Ba ta yi karatun makaranta mai zurfi ba, yawancin iliminta a gida ta same shi ta hanyar karance-karance. Da littattafan yara ta fara rubutu. Na farko shi ne Castle Blair, wanda ya fito a 1877.

Aikin jarida kuwa ya same ta ne a Jibiralta. A lokacin Turawan Ingila suna tsare da Zubairu Fasha a can, wani babban mutumin Sudan da ya yi suna wajen cinikin bayi. Flora ta riƙa zuwa wurinsa tana yi masa tambayoyi, ta rubuta labarin rayuwarsa kamar yadda ya ba ta, aka buga a Ingila. Ba a daɗe ba aka sake shi a 1887. 'Yan aji uku, ku lura da wannan: Rabeh da muka karanta ya ci Barno a 1893, yaron Zubairun nan ne tun farko. A ganinmu ta yi masa sassauci a rubutun nata, domin ɗan jarida ba ya jin bakin mutum ɗaya ya tsaya, balle mutumin da ya sayar da 'yan Adam.

Daga nan ta koma jaridar The Times, babbar jaridar Landan. A 1893 aka ba ta shugabancin sashen labaran ƙasashen da Ingila ke mulka. A zamanin nan mace a irin wannan kujera abin mamaki ce, har a farkon aikinta takan ɓoye cikakken sunanta don kada masu karatu su gane mace ce. Ta je Afirka ta Kudu da Ostareliya, a 1898 kuma ta kai har Klondike a Kanada, inda mutane ke tururuwar haƙar zinariya cikin tsananin sanyi.

Amma akwai inda ta ɓata rawarta da tsalle. A ƙarshen 1895 wani mai suna Jameson ya kai hari ƙasar Transvaal da goyon bayan Cecil Rhodes, harin kuma ya watse. Sai aka gano Flora tana musayar saƙonnin waya da Rhodes, ta san da shirin tun kafin a yi. A 1897 kwamitin majalisar Ingila ya kira ta ya yi mata tambayoyi. Ta fita ba a hukunta ta ba, amma kowa ya ga cewa ba rahoto kaɗai take kawowa ba, da hannunta a cikin maganar.

A wannan shekarar ce dai, ranar 8 ga Janairu, 1897, ta rubuta a The Times cewa sunan da ake kiran yankunan Kamfanin Royal Niger ya yi tsawo, ta kawo shawarar a ce Najeriya, daga sunan Kogin Neja, wanda mu muke kira Kwara. Ba ta tambayi Bahaushe ko Banufe ko Babarbare ba, a lokacin ma ba ta taɓa taka ƙasar ba. Sunan ya kama. A 1900 aka sami Najeriya ta Arewa da ta Kudu, a 1914 aka haɗe su.

Wanda ya haɗe su ɗin mijinta ne, Gwamna Lugga. Sun yi aure a 1902, ta biyo shi Lakwaja, amma ciwo ya hana ta zama, ta koma Ingila. Da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, tana cikin masu kare shi a wurin manyan Landan. A 1905 ta fitar da littafi mai suna A Tropical Dependency, inda ta ba da tarihin daulolin Gana da Mali da Songhai da Barno da ƙasar Hausa, ta nuna wa Turawa cewa muna da sarauta da ilimi tun da daɗewa. Duk da haka, a cikin littafin nan tana goyon bayan a mulke mu. Mun yi gardama sosai a kulob kan wannan. 'Yan mata suka ce a yaba mata don ta buɗe wa mata ƙofar aikin jarida, wasu suka ce alƙalaminta ya taimaki masu bindiga, Malam kuma ya ce mu rubuta duka biyun.

Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta taimaka wajen sama wa 'yan gudun hijirar Beljiyam masauki a Ingila. Ta rasu ranar 25 ga Janairu, 1929, a gidansu da ke Abinger, tana da shekara 76, ba ta bar ɗa ba. Lugga ya rayu bayanta har 1945.