Marigayi Seydou Keita, Mai Ɗaukar Hoto Na Bamako

An haifi Seydou Keita a Bamako ta ƙasar Mali a farkon shekarun 1920. Da kafinta ya fara, sana'ar mahaifinsa, har 1935 lokacin da kawunsa ya kawo masa tsarabar ƙaramar kyamarar Kodak daga Senegal. A 1948 ya buɗe shagon hoto, inda 'yan kasuwa, ma'aikata da mata masu ado suka riƙa tururuwa.

Saboda tsadar fim, galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Amma fa fim ɗin nasa babba ne, santimita 13 da 18, kuma ya adana dubbansu bayan ya sallami masu hoto. Wannan ajiya ce ta yi masa rana. A 1991 an baje wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, sai wani Bafaranshe, André Magnin, ya bi sawu har Bamako ya same shi. Aka sake wanke hotunan manya-manya, amma zanen atamfa da zoben hannu suka fito tangaran.

Kyamarorin dijital da suka shigo kasuwanninmu a farkon shekarun 2000 ba su iya wannan ba, ana faɗaɗa hotonsu sai ya yi dishi-dishi. Masu tsada na yanzu sun kamo fim, gaskiya, sai dai hoton da ke cikin waya yakan tafi tare da ita ranar da ta ɓace.

Keita ya rasu a Paris a watan Nuwamba 2001.