Enzo Ferrari, Maƙerin Motocin Tsere

An haifi Enzo Ferrari a birnin Modena na ƙasar Italiya a watan Fabrairu na 1898. Ubansa maƙeri ne. Yana da shekara 10 aka kai shi kallon tseren motoci a Bologna, tun daga ranar kuwa ba abin da ya shiga ransa kamar mota.

Ubansa da wansa suka rasu a 1916. Aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Farko, inda aikinsa ya zama sa wa alfadarai takalmin ƙarfe. Da aka sallame shi sai ya nemi aiki a kamfanin Fiat, suka ƙi ɗaukarsa. A 1920 ya zama direban tsere a Alfa Romeo, sa'an nan a 1929 ya kafa ƙungiyar tsere tasa. Tambarin nan na baƙin doki mai tsalle, mahaifiyar Francesco Baracca ce ta ba shi, watau matuƙin jirgin yaƙin da aka kashe a 1918.

Motar farko mai sunansa ta fito a 1947 daga masana'antarsa ta Maranello. Shi dai ba sayar da mota ne ya dame shi ba. Yana sayarwa ne don ya sami kuɗin tsere, abin da ya sa masu saye da yawa suka ɗauke shi mai girman kai. Ya sha wuya kuma. Ɗansa Dino ya rasu a 1956 yana da shekara 24. A 1957 wata motarsa ta ƙwace a tseren Mille Miglia, ta kashe direban da abokin tafiyarsa da 'yan kallo 9, biyar daga ciki yara. Aka gurfanar da Ferrari gaban shari'a, sai a 1961 aka wanke shi.

Motar da ta fi ɗaukaka sunansa wajen masu tara tsofaffin motoci ita ce 250 GTO, wadda aka ƙera daga 1962 zuwa 1964. Injinta silinda 12 ne, lita 3, ƙarfin doki kusan 300, giya biyar, tana kuma gudun mil 170 da 'yan kai a awa. Jikinta na alminiyam ne, da hannu aka bubbuga shi a shagon Scaglietti, saboda haka da wuya a sami biyu da suka yi daidai tsaf. A ciki ba kwalliya ko kaɗan, sai sitiyari da kujera biyu da zafin inji.

Dokar tsere ta lokacin ta ce sai an ƙera mota 100 kafin a yarda da ita a wannan aji. Ferrari ya ƙera 36 kacal, ya dage cewa gyaran tsohuwar 250 GT ce, hukuma kuwa ta yarda. Motar ta ci gasar duniya ta ajinta shekara uku a jere. A Amurka dala 18,000 ake sayar da ita, kuma ko da kuɗinka a hannu sai Ferrari ya amince da kai tukuna. Ƙarancin nan da tarihin nasara su ne suka sa farashinta ya yi tashin gwauron zabi: a Agustan 2018 an sayar da guda a gwanjo a Monterey kan dala miliyan 48.4.

A 1963 kamfanin Ford ya nemi sayen kamfaninsa. Ciniki ya kusa faɗawa, sai Ferrari ya ga za a karɓe masa ikon sashen tsere, ya fasa. Ford suka huce haushi da cin tseren Le Mans sau huɗu, daga 1966 zuwa 1969. A 1969 ɗin kuma Fiat, waɗanda suka ƙi ba shi aiki yana saurayi, suka sayi rabin kamfanin, amma sashen tsere ya zauna a hannunsa. Ya rasu a Modena ranar 14 ga Agusta, 1988, yana da shekara 90.