Ernst Lubitsch, ɗan tela da ya mai da wasan waƙa fim marar murya

An haifi Ernst Lubitsch a Barlin, babban birnin Jamus, ranar 29 ga Janairu 1892. Mahaifinsa tela ne Bayahude, ya so ɗan ya gaje shi a shago, amma yaron ya bi wasan kwaikwayo.

A zamanin silima ba ta magana, makaɗa ke zama gaban allo suna kiɗa. Duk da haka, a 1917 ya ɗauki Die Fledermaus, wasan waƙa da barkwanci na Johann Strauss, ya mai da shi fim. Mai kallon finafinan Kano ya san giɓin da cire waƙa zai bari. Lubitsch ya cike shi da harara, satar kallo da sauya tufafi: mata ta ɓad da kama, mijinta na ta zuba mata daɗin baki bai gane ta ba.

Ya koma Amurka a 1922. A 1935 gwamnatin Hitler ta soke masa zama ɗan ƙasa. Ya rama a 1942 da fim ɗin To Be or Not to Be, inda ya mai da ƴan Nazi abin dariya. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 30 ga Nuwamba 1947.