Taiichi Ohno: Injiniyan Mota da Masu Manhaja Suka Gada

'Yan sashen kwamfuta, duk wanda ya taɓa ganin allon nan mai gida uku, gidan aikin da ke jira, na wanda ake kan yi, da na wanda aka gama, to ya ga gadon Taiichi Ohno, ko da bai san sunansa ba.

An haife shi a 1912 a birnin Dalian na ƙasar Sin. Makarantar fasaha ya yi a Nagoya ta Japan, kusan irin tamu ɗin nan. A 1932 ya kama aiki a masaƙar Toyoda, ya koma kamfanin motoci na Toyota a 1943.

Bayan yaƙin duniya na biyu, Toyota ya shiga matsi sosai, har aka sallami ma'aikata a 1950. Ba shi da ƙarfin jibge kaya a sito kamar kamfanonin Amurka. Sai Ohno ya ɗauko dabarar manyan kantunan Amurka: mai saye ya ɗauki abin da yake buƙata, sannan a cike gurbin. Ya fito da kati mai suna kanban, ba a ƙera komai sai katin ya nuna ana buƙatarsa.

Shugabancinsa fa ba na zaman ofis ba ne. Yakan zana da'ira da alli a ƙasa, ya tsayar da manaja a ciki na sa'o'i har ya gano ɓarna da idonsa. Ƙaramin ma'aikaci kuwa na da ikon tsayar da layin ƙira in ya ga matsala, sannan a tambayi dalili sau biyar har a kai ga tushe. Tsofaffin hannu sun yi ta tirjiya, amma Eiji Toyoda ya tsaya masa. Ya zama mataimakin shugaban kamfanin a 1975, ya wallafa littafi kan tsarin a 1978, ya rasu a 1990.

A 2001 masu rubuta manhaja 17 suka haɗu a jihar Utah suka fitar da ƙa'idojin Agile, daga baya katin Ohno ya shigo fagen ya zama allon da kuka sani.

To, ranar da aka ba ka jagorancin rukunin aikin kammala karatu, kar ka raba aiki ka ɓace sai ana gobe kare shi. Ku yanka shi ƙanana, ku gwada kowane mako, kuma wanda ya ga kuskure ya faɗa ba tsoro, ko shi ne auta a cikinku.