ALHAJI ALHASAN ƊANTATA: MARAYAN DA YA BI HANYAR GWANJA

Kowace shekara, in an gama girbin hatsi a ƙasar Adar, samarin Tawa da na Barmu da Kalfu sukan ɗaura kaya su tafi ci-rani, waɗansu Najeriya, waɗansu Abijan. Wani ya komo da abin hannu, wani ya komo da gajiya kaɗai. Tarihin wani yaro na ƙasar Kano, wanda shi ma talauci ya fitar daga gida, yana nuna inda bambancin yake.

An haifi Alhasan a garin Bebeji cikin shekarar 1877. Ubansa, Madugu Abdullahi, yana cikin Agalawa, fataken da suka shahara da safarar goro daga Gwanja. Allah ya yi wa madugun rasuwa wajen 1885, yaron yana da shekara 8. Uwarsa ta tashi ta koma Ankara, babban birnin Gana ta yau, ta bar shi hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Daga sunanta ne aka yi masa laƙabin Ɗantata. Ya yi karatun allo cikin rashi, yana bara, yana aikin ƙarfi, kuma tun lokacin nan ya saba da ajiye ɗan abin da ya samu cikin asusu.

Da ya kai kamar shekara 15, sai ya shiga ayarin fatake masu zuwa Gwanja don ya ga uwarsa. Tafiya ce ta watanni, a ƙasa, bayan jakuna, ga ƴan fashi, ga kuɗin fito a bakin kowane kogi. Ya sayi ƴan kaya a Bebeji, ya sayar da waɗansu a hanya, sauran a Ankara. Amma daɗin da ya yi zato bai samu ba, gama uwar ta miƙa shi ga wani malami, ya ci gaba da wahala. Ya komo gida ba dukiya, sai sanin hanya, da zango, da farashin kowace kasuwa.

Bai daɗe da komowa ba yaƙin basasar Kano ya tashi a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawa suka bi Tukur, aka ci su. Aka kama Alhasan, sai da fansa ya sami kansa. Can Gwanja kuma, yaƙin 1892 ya riga ya watsa kasuwar Salaga, wadda ita ce cibiyar goro. Tsohuwar hanyar ubansa ta mutu ke nan.

A nan ne tafiyar ƙuruciya ta yi masa rana. Da yake ya san bakin teku, sai ya riƙa sayen goro a Kumasi da kewayenta, yana saka shi jirgin ruwa zuwa Ikko. Yana cikin Hausawan farko da suka yi haka. Da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano a 1912, ya kafa gidansa a birnin. A 1918 wani babban kamfanin Ingilishi ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gujiya, wadda Kanawa ke kira gyaɗa. Ya baza wakilai ƙauyuka, yana ba su jari bisa amana. Buhunan da ake tarawa kafin jirgi ya kwashe su, su ne suka zama dalar gyaɗa ta Kano. Ana ba da labari cewa a 1929, ranar da ya buɗe ajiya a banki, raƙuma 20 ne suka ɗauko masa kuɗin azurfa.

Ya rasu a Kano ran 17 ga watan Agusta 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma. Alhaji Aliko Ɗangote tattaba-kunnensa ne ta wajen uwa.

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Alhasan bai samo kuɗi a tafiyarsa ta fari ba, amma ya buɗe ido, ya riƙe abin da ya gani, ya kuma iya tattali. Allah ya jiƙansa, ya kuma komo da ƴan ci-ranin Adar gida lafiya.